Filogi mai wayo a gidan Kaduna: tambayoyin masu farawa da amsoshinsu

Wata Asabar ina wurin ɗaurin aure a Zariya hadari ya haɗo, na san batirin solar gidanmu ba zai kai dare ba idan firiza ta ci gaba da zuƙa. Ina zaune kan tabarma na ciro waya na kashe ta. Wanda ke kusa da ni ya gani, kafin mako ya zagayo labari ya kai majalisarmu, aka mayar da ni malamin filogi. Wani ya tare ni bayan Magariba, wani ya turo saƙon murya da tsakar dare, tambayoyin kuma kusan iri ɗaya. Su ne na tattara a nan.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don gidajen da wuta ba ta ƙiftawa. Mu kuwa daga Kawo har Kakuri ana kawowa ana ɗaukewa, ga janareto, ga inbata. Halin filogi a lokacin da wuta ta tafi ta dawo shi ne ma'aunin zaɓensa a garin nan.

Malam, wai shi filogi mai wayo mene ne?

Ɗan ƙaramin akwati ne da kake cusawa a soket ɗin bango, sannan ka cusa filogin fanka ko fitila a jikinsa. A cikinsa akwai makunni mai buɗewa da rufewa da ɗan sauti "ƙas", da wata 'yar na'ura mai kama wayfai. Kai kuma kana ba shi umarni daga manhaja a wayarka: kunna, kashe, ko ka yanka masa lokaci. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ƙara wa fanka gudu, ba ya rage hasken fitila, ba ya kawo wuta idan babu.

Daɗinsa shi ne ba a fasa bango, ba a kiran mai wayarin. Ɗan haya zai zare abinsa ya sa a aljihu ranar tashi. A shago ka ce smart plug, sunan da masu kaya suka sani ke nan.

Wane irin ƙafafu zan nema?

Soket ɗin Najeriya irin na Ingila ne, ƙafa uku masu kusurwa, wanda ake kira nau'in G. Wutarmu bolt 230 ce. Idan kana oda ta intanet za ka ga filogi ɗaya da zaɓi uku ko huɗu: na Ingila, na Turai, na Amurka. Na Ingila za ka danna.

Na Turai ƙafa biyu ne zagayayyu, sai da adafta, adafta kuma ita ce uwar sako-sako, inda sako-sako yake nan zafi ke taruwa. Na Amurka ya fi haɗari, domin wutarsu bolt 120 ce, da yawa daga cikinsu kuma iyakar abin da za su iya ɗauka ke nan. Idan ɗan'uwa ya kawo maka tsarabarsa daga can, ka juya bayansa ka karanta kafin ka cusa. In ba ka ga 230 ko 240 a rubuce ba, ka gode masa ka ajiye a durowa.

Wasu tsofaffin gidaje na da soket mai ƙafa uku zagayayyu, haka ma soket ɗin esi mai amp 15. Filogin nan ba zai shiga cikinsu ba.

Me ya sa ake ta nanata a sayi ƙarami?

Saboda soket mai baki biyu da ekstenshan. Mai ƙiba yakan cinye mazauninsa ya taɓa na maƙwabci, ka sayi filogi ɗaya ka yi asarar baki ɗaya. Wani ma yana rufe makunnin bangon har ka rasa inda za ka sa yatsa. Mai siffa zagaye ko murabba'i wanda faɗinsa bai wuce na filogin caja da yawa ba shi ake nema. Ka kuma duba tsawonsa idan bayan kujera ko firji zai zauna, don shi da filogin da za a cusa masa suna turo kai sosai daga bango.

Sai dai ƙanƙanta na da iyaka. Wasu ƙananan amp 10 kawai suke ɗauka, wanda ya kai mu ga tambaya ta gaba.

Kaya mai nauyin nawa zai iya ɗauka?

A bayan kowane filogi an rubuta amp ɗinsa. Lissafin ba wuya: ka ninka amp da bolt 230, ka sami wat. Amp 10 ya ba ka wat 2,300. Amp 13 ya ba ka kusan wat 3,000. Za ka ga wasu an buga musu 16 ko ma 20 da manyan baƙaƙe a kwali. Kada ya ruɗe ka, soket ɗin bangonka da fis ɗin cikin filogin kayanka duk amp 13 ne iyakarsu.

Yanzu ka duba kayan gida. Ƙwan fitila na zamani bai fi wat 10 zuwa 20 ba. Fankar tsaye wajen wat 50 zuwa 75. Talabijin da dikoda da rauta duk ƙananan ci ne. Waɗannan ko goma ka haɗa filogin ba zai ji a jikinsa ba. Masu cin wuta su ne masu yin zafi: dutsen guga, butar lantarki, hita, risho na lantarki. Waɗannan daga wat 1,000 suke farawa, wasu su haura 2,000. Ka duba takardar da ke manne a ƙasan kayanka, an rubuta.

Ni ƙa'idata, abin da zai daɗe yana ci ba na barin ya wuce wat 2,000 a kan filogi mai amp 13. Abin da aka rubuta iyaka ne, ba wurin zama ba. Sannan bayan rabin awa da fara aiki ka taɓa jikin filogin. Ɗumi kaɗan ba komai. Idan ya yi zafin da za ka janye hannu, ko ka ji warin roba, ka zare nan take, kuma ka zargi soket ɗin bangon kafin filogin, domin sau da yawa shi ne ya saki.

Kuskuren da na fi gani: a cusa ekstenshan a jikin filogi mai wayo, farko fitila da caja kawai, bayan wata biyu yaro ya zo ya jona dutsen guga, ƙanwarsa ta jona hita. Filogin duk abin da ke kan ekstenshan ɗin yake ɗauka a haɗe.

Zan iya sa wa esi ko injin ruwa?

Ban ba da shawara ba. Duk abin da ke da mota a ciki, lokacin tashi yakan fizgi wuta ninkin abin da yake ci idan ya daidaita. Injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya wajen wat 750 ne a takarda, ka ce ai ƙarami ne, amma fizgar tashin nan tana cin bakin makunnin da ke cikin filogin a hankali. Wata rana sai ya manne: ka kashe a waya, manhaja ta ce ta kashe, inji kuwa yana ta aiki tanki na ambaliya har gidan maƙwabta.

Mai son sarrafa injin rijiyar burtsatse daga waya ya kira ƙwararren mai wayarin ya sa masa kontakta, wato babban makunni mai jure wuta mai nauyi, ita ta ɗauki nauyin, ƙaramar na'urar ta riƙa ba ta umarni kawai. Firji da firiza na gida motarsu ƙarama ce, filogi mai amp 13 na ƙwarai yana riƙe su.

Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, me zai yi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi, ita ce kuma ba wanda ke yi.

Filogi na kirki yana ba ka zaɓi uku a cikin manhaja: idan wuta ta dawo ya kunna kansa, ko ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. A manhajar Tapo sunan wurin Default State, a eWeLink kuma Power-on State. Filogin da ba shi da wannan zaɓi bai dace da Kaduna ba ko kyauta aka ba ka.

Ga inda yake da amfani. Kowa ya san labarin guga: ana cikin yi aka ɗauke wuta, aka bar dutsen a jone aka tafi kasuwa ko makaranta, wuta ta dawo ba kowa a gida. Haka ma hita a cikin bokiti lokacin hunturu. Idan soket ɗin guga na da filogin da aka saita ya zauna a kashe, wuta ta dawo sau goma dutsen ba zai kama ba sai mutum ya zo ya danna da hannunsa. A wurina wannan kaɗai ya biya kuɗin filogin, ya fi duk wani kunna fitila daga ofis. Firiza kuwa akasin haka take so: ta koma yadda take, ko ta kunna, kada naman Sallah ya lalace don filogi na jiran izininka.

Akwai wata matsala ta biyu da ba a rubutawa a kwali. Galibin ƙananan filogin nan ba su da batirin agogo. Wuta na tafiya sun manta ƙarfe nawa, sai sun sake kama intanet su tambaya. To idan rautarka ma ta mutu tare da su, ko data ta ƙare, jadawalin da ka tsara zai iya rikicewa. Sannan umarnin da lokacinsa ya wuce babu wuta yawanci ya wuce ke nan. Misali ka ce fitilar ƙofar gida ta kama ƙarfe 7 na yamma, ƙarfe 7 ta yi babu wuta, aka kawo ƙarfe 9. Filogin zai tashi ya zauna a kashe, ƙofa ta kwana cikin duhu. Dabarar da nake yi ita ce in maimaita umarnin: kunna ƙarfe 7, kunna ƙarfe 8, kunna 9, kunna 10, har 12. Duk lokacin da wuta ta zo, umarni na gaba zai cim mata. Haka nake yi wa na kashewa da safe.

Yana kare kaya daga wuta mai ƙarfi ko rabin wuta?

A'a. Shi ba sitabilaiza ba ne, shi ma kansa abin a kare ne. Idan aka kawo wutar da ta fi ƙima, yana cikin waɗanda za su fara ƙonewa. Wasu masu auna wuta suna katsewa idan kaya ya yi musu nauyi, amma wannan daban ne da gyara bolt.

Firji na buƙatar ɗan akwatin kariyar nan mai jinkirta wuta 'yan mintoci kafin ya sake ta. Ni shi nake fara sawa a bango, sai filogi mai wayo a jikinsa, sai firiza, don kariyar ta haɗa da filogin. Kada kuma ka riƙa kashe firiza kana kunnawa nan take daga waya, ka ba ta ko minti biyar. Da damina idan ana tsawa mai ƙarfi, kashewa daga waya ba ta wadatar wa talabijin ba, zarewa daga bango ita ce magani.

Ba ni da wayfai a gida, data kawai nake sa wa waya. Zai yi?

Da ƙyar. Filogin yana son wayfai da ke zaune a gida dare da rana. In ka haɗa shi da hotspot na wayarka, kana fita ƙofa ya zama kurma. Abin da ya fi sauƙi shi ne ƙaramar rauta ko MiFi ta MTN ko Airtel ko Glo, wadda duk ta fi kamawa a unguwarku, a bar ta a gida. MiFi na da batirinta, wannan alheri ne a nan, sai dai adadin na'urorin da take ɗauka a lokaci guda ƙayyadadde ne, yaran gida kuma sun riga ka cikewa. Rauta babba kuwa ka tabbata tana kan layin inbata.

Na saya, ya ƙi haɗuwa da rauta.

Kusan kullum dalili ɗaya ne. Filogin nan wayfai mai gigahaz 2.4 suke kamawa, ba sa ganin mai 5. Rautocin zamani suna fitar da duka biyun, wani lokaci da suna ɗaya. Ka shiga saitin rautar ka raba su, ko ka kashe na 5 na ɗan lokaci, ka sa wayarka a kan 2.4, sannan ka sake gwadawa. Ka kunna Bluetooth, ka ba manhajar izinin da ta nema, ka yi haɗin kusa da rautar kafin ka kai filogin ɗakin da zai zauna. In duk ya ƙi, danne maɓallin jikinsa har fitilarsa ta fara ƙiftawa, ka faro daga farko. Kalmar sirri ma a duba, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne.

Shi kansa yana shan wuta da data?

Kaɗan ƙwarai. Wajen wat ɗaya yake ci, wato bai cika yunit guda a wata ba. Datar da yake sha ba ta kai ta gajeren bidiyo ɗaya da yara ke kallo ba.

Na kunna daga waya, amma talabijin bai kama ba. Jabu aka ba ni?

Lafiyarsa ƙalau. Filogi wuta kawai yake saki, kamar ka danna makunnin bango. Kayan da ke da makunni na hannu, irin fanka mai maɓallin 1, 2, 3 da ke zama a danne, ko fitila, ko rediyon da, suna kamawa da zarar wuta ta iso. Masu rimot kuwa sai su tsaya da jar fitila suna jiran a danna musu. Gwajin da za ka yi kafin ka kashe kuɗinka: kunna abin, zare filoginsa daga bango yana cikin aiki, ka mayar. In ya ci gaba da kansa, zai yi. In ya tsaya jira, abin da za ka samu kashewa ce kawai, ita ma tana da ranarta idan yara sun ƙi barin kallo ƙarfe 10 na dare.

Ina da sola da inbata. Me zai ƙara mini?

Nan ne ya fi nuna kansa. Abin da ke kashe batir da wuri shi ne kaya masu nauyi da dare. Ka sa wa firiza jadawali ta kama wajen ƙarfe 9 na safe lokacin da rana ta ɗaga, ta mutu wajen La'asar. Firizar kwance da ta yi ƙanƙara sosai, in ba a yawan buɗe ta, tana riƙe sanyi har gari ya waye. Batir ya huta, ya bar wa fanka da fitila abin da ya tara, musamman a zafin Maris da Afrilu da fanka ba ta hutawa. Da damina ko ranar da hazo ya rufe rana sai ka rage awannin daga inda kake.

Tun da filogin na kan inbata ba ya mutuwa, matsalar agogon nan ma ba ta taso ba. A kan ƙaramin janareto kuwa, wanda wutarsa ke hawa da sauka, za ka iya ganin yana katsewa yana dawowa.

Mai auna wuta ko marar aunawa?

In bambancin kuɗin bai yi yawa ba, ɗauki mai aunawa, ko da guda ɗaya ne a gidan. A kayan TP-Link, Tapo P100 kunnawa da kashewa kawai yake yi, P110 shi ne ke nuna wat nawa abu ke ci yanzu da yunit nawa ya sha a wata.

Tun Afrilun 2024 da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin 'yan Band A naira 225 kan kowane yunit, masu mitar kati suka fara lissafi da gaske. Band A su ne layukan da aka ware wa aƙalla awa 20 a rana, a takardar katin da ka saya daga Kaduna Electric za ka ga rukuninka. Ka ɗauki firizar da ke cin wat 150, motarta na aiki awa 12 a yini: yunit 1.8 ke nan kullum, 54 a wata. Ka ninka da farashin layinku ka gani. Filogi mai aunawa ɗaya za ka riƙa zagayawa da shi, wannan makon firiza, mako mai zuwa tsohon firjin da aka gada, har ka gano ɓarawon katin. A gidanmu tsohon firjin ne, wanda robar ƙofarsa ta saki. A gidan haya mai mita ɗaya kuma yana rage musu a kan wa ya fi shan wuta.

Wane kamfani zan saya? Ina jin ana Tuya, ana Zigbee, ana Matter.

Uku ne za ka fi cin karo da su. Tapo na TP-Link da manhajarsa. Sonoff, mai aiki da eWeLink. Sai tarin masu sunaye barkatai da ke aiki da manhajar Smart Life ko Tuya. Waɗannan na ƙarshe sun fi araha, a cikinsu akwai nagari akwai tarkace, domin manhajar ce ɗaya, masu ƙera jikin daban-daban ne. Shawarata ka zaɓi gida ɗaya ka zauna, kada wayarka ta cika da manhaja huɗu don filogi huɗu.

Zigbee wata hanyar sadarwa ce daban da wayfai, tana buƙatar wata na'ura ta tsakiya da za ka saya daban. Matter kuwa tsari ne da aka fitar a 2022, da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna. Abu ne mai kyau, amma mai filogi ɗaya ko biyu bai kai nan ba tukuna. Na wayfai ya ishe ka.

Zan iya yi masa magana da baki?

Za ka iya haɗa shi da Alexa ko Google, amma da Turanci za ka ba da umarnin, Alexa ba ta jin Hausa. Ni ban ga abin kashe wa kuɗi a nan ba tun da farko.

Hajiya ba ta harka da manhaja. Ba zai takura mata ba?

Kowane filogi na da maɓalli a jikinsa, ta danna ya kama, ta danna ya mutu, ko babu intanet. Ka tabbata dai maɓallin na gefen da hannu zai kai. Abin da za ka roƙi mutanen gida shi ne su bar makunnin bango a kunne, domin hannunmu ya saba da kashe soket, kuma da an kashe filogin ya ɓace daga wayarka. Ni ɗan salatif na manna a kan makunnin.

Uwargida da manyan yara kowa ya buɗe asusunsa, ka raba musu filogin ta cikin manhajar, ba sai ka ba da kalmar sirrinka ba. Idan a shago aka haɗa maka, ka goge ka sake haɗawa da asusunka a gida, kada ya zauna a wayar yaron shago. Kuma ka sanar da mutanen gida jadawalin da ka sa. Ranar farko da fitilar falonmu ta kama da kanta lokacin sahur, sai da aka yi ta A'uziyya.

A ina zan saya a Kaduna, kuma yaya zan gane na ƙwarai?

Ka fara da shagunan kayan lantarki da na kwamfuta da ke kan titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, masu sayar da kayan sola ma sukan ajiye. In babu, sai oda ta intanet, amma wannan cinikin biri a sama ne, ka zaɓi inda ake karɓar kaya idan an mayar.

A shago ka buɗe kwalin. Amp da bolt su kasance a buge a jikin filogin kansa, ba a kwali kaɗai ba. Ƙafafun su kasance daram ba sa motsi, biyun ƙasa da baƙar roba a gindinsu, ta saman kuma ƙarfe ce ba roba ba, don ita ce ƙafar "earth" mai kare mutum daga jan wuta. Ka cusa filogin caja a bakinsa ka ji ko ya kama gam. Wanda ka ɗaga ka ji shi fayau kamar fanko, ajiye shi, araha ba ta ado. Na cikin ɗaki ne, kada a kai shi tsakar gida inda feshin ruwa ko ƙurar hunturu za ta same shi.

Ka sayi ɗaya tak tukuna. Kafin ka biya ka ce wa mai shagon, "Alhaji, a jona mini shi in gani." Ku haɗa shi da waya a nan, ka nemo wurin saita abin da zai yi bayan ɗaukewar wuta, ka zaɓi ya zauna a kashe, ka kunna shi, sannan ka zare daga bango ka mayar. In ya tashi a kashe, biya ka tafi da shi soket ɗin guga.